Awon Karatun Yara da Amfaninsa ga Mai Koyarwa: Abin da Aka Koya daga Makarantun Indiya

1. Share Fage

Babu makarantar boko, komai ƙanƙantarta, wadda ba a tara labarin yara a cikinta. Akwai rajistar da ake kiran suna kowace safiya, akwai littafin maki, akwai takardun jarrabawar ƙarshen zango, akwai kuma katin sakamako wanda yaro ke kai wa mahaifinsa. Malami yakan ɓata sa'o'i masu yawa wajen cika waɗannan takardu, ya tara, ya raba, ya fitar da na ɗaya da na ƙarshe. In ya gama sai hedimasta ya sa hannu, a ɗaure su a ajiye cikin kabad, ba mai sake waiwayarsu sai ran da mai duba makarantu ya zo ya tambaya. Kashegari kuwa malamin ya koma aji ya ɗora daga shafin da ya tsaya, kamar takardun nan ba su gaya masa kome ba.

Abin da wannan takarda za ta yi magana a kai shi ne yadda labarin da ake tarawa game da yara zai koma ya gyara koyarwar da ake yi musu. Maganar ba ƙarama ba ce, gama yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, duk abin da za a koya masa nan gaba, ko tarihi ko labarin ƙasa ko kimiyya, ta hanyar karatun nan da bai iya ba za a miƙo masa shi. An zaɓi makarantun ƙasar Indiya don misali, domin can ne aka yi fiye da shekara goma ana gwada al'amarin a jihohi dabam-dabam, aka kuwa rubuta inda aka ci nasara da inda aka kāsa. Labarin kāsawar ma ya fi na nasarar amfani ga mai horon malamai.

2. Awo Iri Biyu

Manomi yakan auna gonarsa sau biyu. Da kaka yakan ƙirga dami, ya san abin da shekara ta ba shi, amma ƙirgar nan ba ta ƙara masa ko zangarniya ɗaya, aikin gama ya gama. Da farkon damina kuwa yakan zagaya kunya-kunya bayan shuka ta tsiro, ya ga inda iri bai fito ba, ya sake shukawa tun ƙasa na da danshi. Duka biyun awo ne, amma na biyun ne kaɗai ke sāke abin da za a girbe.

Haka yake ga makaranta. A shekarar 1967 wani masani mai suna Michael Scriven ya rarrabe tsakanin awon da ake yi don yanke hukunci bayan an gama aiki da awon da ake yi tsakiyar aiki don a gyara shi. Shi kan tsarin darussa ya yi maganarsa. Benjamin Bloom, na Jami'ar Chicago, shi ne ya kawo batun cikin aji a 1968. Ra'ayinsa shi ne a yanka darasi gunduwa-gunduwa, in an gama kowace gunduwa a yi ɗan gajeren gwaji, wanda ya riƙe ya wuce, wanda bai riƙe ba a sake koya masa ta wata hanya kafin a ci gaba. Bayan shekara talatin, watau a 1998, Paul Black da Dylan Wiliam na ƙasar Ingila suka bi rahotannin bincike wajen 250, suka nuna cewa awon tsakiyar aiki yana ƙara wa yara sani, yara raunana kuma su suka fi cin moriyarsa.

Wannan ka'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya je gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa cewa ya riƙe, sa'an nan ya yi masa ƙari. Ba a ɗaga yaro daga babbaƙu zuwa farfaru don shekara ta zagayo, sai don ya iya. Yara biyu sa'o'in juna suna iya zama kafaɗa da kafaɗa, kowa da inda yake, malam kuwa ya san wurin kowa ba tare da littafin maki ba. Makarantar boko ta zo da aji da zango da manhaja, abubuwan da suka sa malami ɗaya ya iya ɗaukar yara da yawa, amma a wajen sayen wannan sauƙi aka sayar da sanin inda kowane yaro yake.

3. Abin da Aka Gano a Indiya

A shekarar 1995 aka kafa wata ƙungiya mai suna Pratham a birnin Mumbai, don taimakon karatun 'ya'yan talakawa. A lokacin hankalin gwamnatoci yana kan shigar da yara makaranta: a gina azuzuwa, a ɗauki malamai, a ƙirga kawuna. Indiya ta ci nasara ƙwarai wajen wannan, har ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na yara 'yan shekara 6 zuwa 14 suna cikin rajista. Abin da ba a ƙirga ba shi ne abin da suke koyo.

A 2005 ƙungiyar ta soma wani bincike na ƙasa baki ɗaya da ake kira ASER. 'Yan sa kai sukan shiga ƙauyuka, su bi gida-gida, su zauna da yara ɗaya bayan ɗaya. An zaɓi gida maimakon makaranta domin a sami har da wanda ba ya zuwa, da wanda sunansa kaɗai ke cikin rajista. Kayan awon kuwa takarda ce guda, a harshen da yaron ke karatu da shi, an raba ta matakai: baƙaƙe, kalmomi, ɗan sakin layi mai jimloli huɗu daidai da littafin aji ɗaya, da gajeren labari daidai da littafin aji biyu. Akan soma ba yaro sakin layin. In ya karanta sai a hau da shi zuwa labari, in ya kāsa a sauko zuwa kalmomi, in nan ma ya kāsa a sauko zuwa baƙaƙe. Cikin 'yan mintoci an san matsayinsa. Haka kuma wajen lissafi: gane lambobi daga 1 zuwa 9, gane su har 99, ɗebewa mai aro, sa'an nan rabawa.

Abin da binciken ya nuna, shekara bayan shekara, ya tayar da hankali: wajen rabin yaran aji biyar na karkara ba su iya karanta labarin aji biyu ba. Haka ya fito tun shekarun farko, haka kuma ya fito a 2018.

Ya kamata a lura da abin da ya bambanta wannan takarda da jarrabawar da aka saba. In aka ce yaro ya ci 38 cikin 100, malami bai san abin da zai yi da lambar nan gobe da safe ba. Ko yaron bai gane tambaya ba ne, ko bai iya karanta ta ba, ko ya iya amma lokaci ya ƙure masa, duk 38 ɗin ta haɗiye. In kuwa aka ce yaro ya san baƙaƙe amma bai iya haɗa su su zama kalma ba, to, an riga an faɗa wa malami darasin gobe. Awon da sakamakonsa sunan mataki ne ya fi wanda sakamakonsa maki ne amfani ga mai riƙe da alli.

4. Daga Awo zuwa Koyarwa

Sanin cuta dabam, magani dabam. Ƙungiyar ta haɗa kai da masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suka riƙa gwada hanyoyi. Dabararsu ita ce a raba makarantu kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya sabon abu, a bar ɗayan yadda yake, in shekara ta cika a auna duka biyun. Da yake ƙuri'a ce ta raba su, in an ga bambanci an san daga sabon abin nan ya fito.

Gwaji na farko an soma shi a 2001 a biranen Vadodara da Mumbai. Aka ɗauki 'yan mata daga unguwa, waɗanda suka gama sakandare, aka yi musu horon mako biyu. Sukan ware yaran aji uku da aji huɗu da aka bari a baya, kamar goma sha biyar zuwa ashirin, su yi sa'a biyu kullum suna koya musu karatu da lissafin da ya wuce su tun aji ɗaya. Yaran suka ci gaba, waɗanda suka fi rauni kuma su suka fi ci gaba.

Wani gwaji dabam, wanda Karthik Muralidharan da Venkatesh Sundararaman suka yi a jihar Andhra Pradesh, aka buga shi a 2010, ya nuna ɗaya gefen. An auna yaran makarantu 100, aka ba malamansu rahoto filla-filla, yaro-yaro, tambaya-tambaya, inda kowa ya iya da inda ya kāsa. Masu leƙa azuzuwa sun ga malaman nan kamar sun ƙara himma sa'ad da ake kallonsu. Amma da aka auna yaran a ƙarshen shekara, ba su ɗara na makarantun da ba a ba rahoto ba. Rahoton ya isa hannun malami, bai shiga darasi ba.

Tsakanin 2008 da 2010 aka gwada a jihohin Bihar da Uttarakhand. Aka horar da malaman gwamnati yadda za su auna yara su raba su bisa matakinsu, aka ba su littattafai. Inda aka bar aikin ga malamai kaɗai cikin zangon karatu, kusan ba abin da ya sauya. Abin mamaki, a Bihar ɗin nan, da aka sa malaman gwamnati su koyar a wani zama na wata guda lokacin hutu, yara sun ci gaba sosai. Malaman su ne dai, hanyar ita ce dai. Abin da ya bambanta shi ne lokacin hutu babu manhajar da ake binsu bashin gamawa. Cikin zango kuwa, abin da za a tambayi malami shi ne ko ya gama littafin ajinsa. Har dokar ilmi ta Indiya ta 2009 ta ɗora masa alhakin gama manhaja cikin lokacin da aka yanka. Mutum kuwa abin da za a tuhume shi a kai shi yake tsarewa.

Da aka gane haka sai aka sāke shiri. A jihar Haryana, cikin shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013, gwamnati ta keɓe sa'a guda kowace rana. Cikin sa'ar nan akan rushe aji uku da huɗu da biyar, a sake zuba yara bisa matakin karatunsu, kowane malami ya ɗauki rukuni. Masu duba malamai kuma sai da suka shiga aji da kansu suka yi kwanaki suna koyarwa ta wannan hanya kafin su horar da kowa. Wannan karo karatun yara ya ƙaru. A jihar Uttar Pradesh, a 2013 zuwa 2014, ma'aikatan ƙungiyar da 'yan sa kai ne suka riƙa shiga makarantu suna yin zama na kwana goma-goma ko ashirin-ashirin, jimla kwana 40, da ƙarin kwana 10 lokacin hutu. Da farko kashi 15 cikin 100 ne na yaran ke iya karanta sakin layi ko labari. A ƙarshe, makarantun da aka yi zaman kusan rabin yaransu sun iya, waɗanda ba a yi ba kuwa wajen ɗaya cikin huɗu.

Abin da aka gani a yammacin Kenya ya ƙarfafa wannan. Can Michael Kremer da abokan aikinsa suka tarar raba littattafan karatu bai amfani kowa ba sai yaran da dama su ne kan gaba, domin sauran littafin ya fi ƙarfinsu. A wani gwajin kuma, cikin makarantu 121, an raba aji ɗaya gida biyu, wasu makarantu bisa ƙuri'a, wasu bisa sakamakon awo. Inda aka raba bisa awo, rukunin sama ya amfana, rukunin ƙasa ma ya amfana, gama malaminsu ya sauko daidai da su. Banerjee da Duflo da Kremer su aka ba lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019, irin waɗannan gwaje-gwaje kuwa suna cikin dalilan ba su.

In aka tattara duka, sharuɗɗa uku ne ke fitowa. Na ɗaya, awon ya zama mai sauƙi, malamin da zai koyar shi ne ya yi shi da kansa. Na biyu, a keɓe lokaci cikin jadawali wanda aka yafe wa malami bin manhaja a cikinsa. Na uku, wanda ke duba malami ya tambaye shi yara nawa suka hau mataki, ya kuma zama shi kansa ya taɓa yin aikin. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba su tsayawa.

5. Yadda Abin Yake Cikin Aji

A ɗauka, don misali kawai, malami yana da yara 60 a aji huɗu. Ya ɗauki kwana biyu ko uku ya zauna da kowa, sai ya tarar 12 ba su san baƙaƙe ba, 15 sun san baƙaƙe kaɗai, 13 suna karanta kalma, 11 suna karanta sakin layi, 9 suna karanta labari. Littafin aji huɗu don mutum taran nan aka rubuta shi. Duk sa'ad da malamin ya tsaya gaban allo ya bi littafin, da su yake magana, su ne masu ɗaga hannu, amsarsu ce ke sa ya zaci aji ya gane. Sauran 51 suna amshi ne kawai.

Ganin haka sai ya raba su gida uku cikin sa'ar da aka keɓe. Na farko su yi ta wasa da baƙi da wasali, suna haɗa gaɓa. Na biyu su gina kalma daga gaɓa, jimla daga kalma. Na uku su karanta labari, su ba da shi da bakinsu, su rubuta nasu. Bayan mako biyu ko uku ya sake awo, wanda ya hau a matsar da shi nan take, ba sai ƙarshen zango ba.

Wannan sake awo shi ne ran aikin. In aka raba yara sau ɗaya aka bar su, rukuni ya zama tambari, yara kuwa ba su daɗewa kafin su raɗa wa na ƙasa suna, sunan ya bi yaro har gida. Rukunin da ake fita daga cikinsa kowane mako biyu ba ya zama tambari, zango ne na matafiyi. Littafin da malami zai riƙe kuma ba ya bukatar ya wuce shafi guda: sunaye a jere, matakai biyar a sama, da ranar da kowa ya hau. Sunan da aka ga wata biyu bai motsa ba, shi ne za a bincika, a duba rajista ko yana zuwa, a duba ko yana ji sosai, ko yana ganin allo, ko harshen da ake koyarwa da shi ne ba nasa ba. Nan ne rajista da littafin awo ke haɗuwa su yi amfanin da kowannensu shi kaɗai bai yi ba.

6. Kuskure Ma Labari Ne

Bayan sanin mataki akwai sanin irin kuskure. A 1978 John Seely Brown da Richard Burton suka nuna cewa yawancin kuskuren yara wajen ɗebewa ba na ganganci ba ne: yaron wata ka'ida yake bi da aminci, ka'idar ce karkatacciya. A ba yara 63 a ɗebe 27. Amsa 36 ce. Wani ya rubuta 44, domin a kowane gida yakan cire ƙaramar lamba daga babba, ko a sama take ko a ƙasa: 3 daga 7, sa'an nan 2 daga 6. Wani ya rubuta 46, domin ya yi aro, ya cire 7 daga 13, amma ya manta ya rage 6 ɗin da ya ara daga gare ta. Jan biro zai ba su sifiri su biyu, alhali kuwa ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko bai san aro ba sam, na biyu ya sani, biyan bashi ne ya manta.

Zaɓen tambaya ma yana da nasa hukunci. Da 52 aka ba su a ɗebe 17, da su biyun 45 za su rubuta, kowa ta hanyarsa, malami kuwa ba zai iya rarrabe su ba. Saboda haka tambaya mai kyau ita ce wadda kowane irin kuskure ke ba da tasa amsa dabam. In shakka ta rage, sai a ce wa yaro ya yi lissafin da ƙarfi a ji.

Karatun Hausa yana da nasa alamomi, waɗanda takardar da aka juyo daga wani harshe ba za ta kama ba. Na farko, yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, ko baƙi da wasali da baƙi, don haka tsakanin sanin baƙaƙe da karanta kalma akwai matakin gaɓa, ya kuwa cancanci a ba shi gurbinsa cikin takardar awo. Na biyu, baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su ts da sh da ƙw da gy, ya kamata a sa su da gangan cikin kalmomin gwaji, a ga ko yaro na bambanta bari da ɓari, ko kafa da ƙafa. Na uku, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Gari na mutane da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da itacen kuka. Wannan rashi ya zama riba ga mai awo: yaron da ya karanta jimlar da ke maganar miyar kuka da sautin kukan jariri, ya nuna baƙaƙe yake furtawa, ma'ana ba ta iso shi ba, ko da bai tsallake harafi ɗaya ba. Na huɗu, karin harshe ba kuskure ba ne. Yaron Sakkwato ko Katsina da ya ga fari ya ce hwari, ya karanta daidai, bakin gidansu ya yi. Mai awon da ya ci shi tara a kan wannan, nisan yaro da Kano ya auna, ba karatunsa ba.

7. Haɗarin Ɗaure Awo da Lada

Akwai wata hanya ta amfani da sakamakon yara wadda ta sha bamban da wadda aka bayyana, watau a mai da shi ma'aunin ladan malami ko horonsa. An daɗe da gwada ta. A Ingila, a 1862, Robert Lowe ya kawo tsarin biyan makarantu bisa sakamako. Kowane yaro da ya wuce shekara shida ana ba makarantarsa sule 4 saboda zuwa, da sule 8 in ya ci gwajin sufeto a karatu da rubutu da lissafi, a rage sule 2 da kwabo 8 a kan kowane darasin da ya fāɗi. Abin da ya biyo baya sananne ne. Malamai suka koma sa yara haddace littafin da za a gwada su da shi, har yaro ya iya biya shafi ba tare da ya iya karanta shi ba, aka kuma yi watsi da duk abin da sufeto ba ya tambaya. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, ya yi ta sukar tsarin cikin rahotanninsa. Kafin ƙarnin ya ƙare aka soke shi.

Tarihi ya maimaita kansa a Amurka. A birnin Atlanta, binciken da gwamnatin jiha ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu cikin gyara amsoshin yara, a 2015 kuma kotu ta sami 11 da laifi. Yaran da aka gyara wa takardu su suka yi hasara, domin takardar ta ce sun iya, aka hana su taimakon da ya kamace su. Masanin nan Donald Campbell ya riga ya yi gargaɗi tun cikin shekarun 1970, cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, matsin da ke kansa zai lalata shi, ya kuma lalata abin da aka sa shi ya auna.

Saboda haka littafin matakai na malami ne. In aka mai da shi abin ƙarin girma ko rage albashi, cikin zango guda kowane yaro zai hau matakin labari a takarda. Malamin da ya ce yara 27 cikin ajinsa ba su kai ga kalma ba, gaskiya ya faɗa, taimako ya kamata ya samu.

Abin da ake mayar wa yaro shi ma abin lura ne. A 1988 Ruth Butler ta gwada yara a Isra'ila: wasu aka ba su maki kaɗai, wasu bayani kaɗai na abin da za su gyara, wasu duka biyun. Masu bayani kaɗai su suka ci gaba. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kaɗai ba, gama ido na sauka kan lamba sai ya tsallake bayanin, ya leƙa takardar maƙwabci.

8. Kammalawa

Matsalar da Indiya ta gano tana nan a ƙasar Hausa. Gwajin karatun Hausa da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya nuna mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga gajeren labari ba. Hanyar koyarwa bisa matakin yaro ta iso Afirka: Zambiya ta soma gwada ta a 2016, aka gwada a jihar Barno a 2018, a jihar Kano kuma a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa daga 2019. A takarda ma, manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta riga ta yi umurni da awo na yau da kullum. Sai dai a makarantu da yawa umurnin ya koma gwaji biyu ko uku da ake tara makinsu a haɗa da na jarrabawa, watau ƙirgar dami aka yawaita, zagayen gona bai samu ba.

Abin da ya rage ga kwalejojin horon malamai a fili yake. Darasin awo da ake koya wa ɗalibai ya fi ba da ƙarfi wajen tsara jarrabawa da fitar da matsakaicin maki. Ya kamata kowane ɗalibi, kafin ya gama koyarwar gwaji, ya zauna da yara aƙalla talatin ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da matakinsu, ya raba su, ya koyar, ya sake awo, ya kawo shafin nan guda a tattauna a kai. Mai horar da shi kuma ya zama ya riga shi yin haka, kamar yadda masu duba malamai suka yi a Haryana. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i su ma suna da nasu rabo, domin su ne suka fi cancanta su tsara takardun awo na Hausa: su zaɓi gaɓoɓi da kalmomi, su rubuta gajerun labarai iri-iri masu nauyi ɗaya don kada yara su haddace guda, su kuma bayyana wa mai awo abin da yake kuskure da abin da yake karin harshe. Hukumomin ilmi kuwa abu ɗaya ake nema gare su wanda ba ya cin kuɗi, shi ne sa'a guda cikin jadawali, wadda ba za a tambayi malami shafi nawa ya gama a cikinta ba, sai yara nawa suka hau.